Wai Me Ka Tsaya A Kai? Tambayoyi Da Amsoshi Kan Gane Abin Da Ya Fi Maka Daraja A Rayuwa

Waɗannan tambayoyi ne da nake yawan ji daga bakin matasa, wasu a majalisa bayan isha'i, wasu ɗalibai masu shirin gama makaranta, wasu kuma 'yan'uwa mata ne da ke aiko da tambaya ta hannun ƙannena. Na tattara su na amsa daidai fahimtata, wata amsar ta yi tsawo wata gajeriya, gwargwadon yadda abin ya dame ni.

Malam, me ake nufi da "abin da mutum ya tsaya a kai"? Ba hali ba kenan?

Suna kusa da juna amma ba abu ɗaya ba ne. Hali shi ne yadda kake, mai saurin fushi ne kai ko mai sanyi, mai surutu ko shiru-shiru, kuma da yawansa da shi aka haife ka. Abin da ka tsaya a kai kuwa shi ne wanda in an kai maƙura ka gwammace ka yi asara da ka sake shi. Za ka ga mutum ga faɗa kamar me, ba a zama lafiya da shi, amma wallahi ko sisin wani ba ya ci, wani kuma ga fara'a ga gaisuwa har ƙasa, toh ka ba shi ajiya ka gani.

Kuma kar a haɗa shi da buri. Buri ana cimma shi a wuce wurin, ka gina gida, ka sauke farali, ka samu digiri, shikenan an gama. Riƙon amana fa? Babu ranar da za ka ce alhamdulillahi na kammala.

Mu da muke da addini ina ruwanmu da wannan binciken? Ai an riga an faɗa mana komai.

Wannan tambayar ina girmama ta domin daga zuciya mai kyau take fitowa. Gaskiya ne, halal a bayyane take haram a bayyane take, kuma babu wanda ya ce ka je ka ƙirƙiro naka. Amma ka duba sahabbai, duk a gaban Annabi (SAW) suka yi karatu, Alƙur'ani ɗaya, amma ya zo a hadisi cewa Abubakar ya fi kowa tausayin al'umma, Umar ya fi tsanani a kan lamarin Allah, Usman ya fi kunya, Abu Ubaida kuma shi aka kira amintaccen wannan al'umma. Kowa da ƙofar da ya fi ƙarfi. Da ba a san Abu Ubaida da amana ba da ba shi aka tura wa mutanen Najran ba lokacin da suka nemi a haɗa su da amintacce.

Addini ya ba ka jerin kyawawan halaye gaba ɗaya, ya rage naka ka san wanne ne ya riga ya zauna a jininka, wanne ne har yanzu a baki kawai yake. Haka abin yake ga 'yan'uwanmu Kirista, mutum biyu za su fito daga coci ɗaya, ɗaya yafiya ce ƙarfinsa ɗaya kuma tsayawa a kan gaskiya.

Toh ta ina zan fara?

Kar ka fara da tambayar kanka "me nake so in zama". Duk wanda ka tambaya zai ce gaskiya da amana, har wanda ya gudu da kuɗin adashi jiya. Ka fara da abin da ya riga ya faru. Ɗauko wayarka ka duba alat na wata biyu da suka wuce, ina kuɗinka suka tafi bayan abinci da haya? Wani zai ga rabi gida yake turawa, wani data da littattafai, wani ɗinki da turare, wani gudummawar biki da suna. Sannan ka duba lokacinka, ranar da ba aiki ina kake wuni. Sai na uku wanda ya fi su duka a wurina, ka tuno abin da ka taɓa yi wanda ya hana ka barci alhali babu wanda ya kama ka.

Bari in ba ka nawa. Farkon 2023 lokacin canjin kuɗi ina da ɗan shagon POS a unguwarmu, kowa ya san yadda aka sha, layin banki tun kafin asuba, mutum da kuɗinsa a asusu amma ba na cefane, mu ma masu POS sayen takardun kuɗin muke yi da tsada a hannun 'yan kasuwa, don haka caji ya hau, nawa ma ya hau. Wata ranar da yamma wata dattijuwa ta zo, ta kwance katinta daga bakin zani, ɗanta ne ya turo mata dubu biyar daga kudu na magani. Na faɗa mata cajin dubu ɗaya ne, ta ce toh. Na miƙa mata dubu huɗu, ta ƙirga sau biyu a hankali da yatsun nan nata masu lalle, ta ɗago ta ce "Allah ya yi maka albarka ɗana." Ta tafi.

Ban yi mata ƙarya ba, ban ɓoye mata komai ba, farashin da kowa ke yi na yi. Amma addu'ar nan ta tsaya min a maƙogwaro har asuba. Da safe na bi layinsu ina tambaya har na samu gidan na mayar mata da dubu ɗayan. Da ka tambaye ni kafin ranar zan ce maka gaskiya da neman na kai su ne nawa. Ban san cewa ba zan iya cin riba a kan mai rauni ba sai da na ci ta ƙi zama a cikina. Kai ma kana da irin wannan ranar, ka nemo ta.

Na ji ana cewa mutum ya lura da abin da ke ba shi haushi. Meye haɗin fushi da wannan?

Inda aka taka maka abu mai daraja nan kake jin zafi. Sai dai a yi hattara, fushin da kake yi in an taɓa ka kai da kanka yawanci son rai ne da girman kai, kowa na da shi. Wanda ya fi faɗin gaskiya shi ne haushin da kake ji in an yi wa wani da ba ka ma sani ba. A layin gidan mai wani mai babbar mota ya tsallake kowa, akwai wanda zai ce ina ruwana, akwai wanda jikinsa har rawa yake, wannan adalci ne ke motsi a ransa. Wani kuma layin bai dame shi ba amma ya ga yaro ya ɗaga wa tsoho murya sai ransa ya ɓaci wuni guda, wannan ladabi ne. Wata ba ta iya ganin an zubar da abinci. Wata ba ta iya jin ana gulmar wanda ba ya nan. Rubuta irin waɗannan guda biyar, za ka ga suna nuna wuri ɗaya ko biyu.

Akwai wani jeri da zan duba in zaɓa?

Akwai, kuma namu na gida ma ya isa farawa. Wani Baturen Ingila mai suna Kirk-Greene, wanda ya yi aikin mulki a Adamawa daga baya ya koyar a Zariya, ya fitar da nazari a 1974 kan wanda Bahaushe ke kira mutumin kirki, ya lissafo abubuwa goma: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Ba shi ya ƙirƙiro su ba, a bakin kakanninmu ya ji. Amma ka lura akwai abubuwan da ba su cikin goman nan kuma mutane na rayuwa a kansu, zumunci, neman ilmi, neman na kai, kishin gari, tsafta, gwaninta a sana'a wato ka ga tela ya warware ɗinki gaba ɗaya saboda layi ɗaya ya karkace ko da mai kayan ba zai lura ba.

Matsalar jeri ita ce komai na ciki yana da kyau, sai ka ji kana so ka ce duka naka ne. Shi ya sa na ce ka fara da abin da ya faru tukun, daga baya ka zo jerin ka nemi sunan da ya dace da shi. In ba ka samu kalma ɗaya ba ka rubuta jimla, "ba na iya barin wanda ya dogara da ni" ta fi "amana" bayyana wa wani abin da ke ransa.

Guda nawa ya kamata in fitar?

Uku zuwa biyar. In sun kai goma sha biyu ba ka tace ba tukun.

In biyu daga ciki suka ci karo fa? Ni nan ne nake rikicewa.

Nan ne ma ainihin wurin. Zaɓi tsakanin alheri da sharri ba shi da wuyar ganewa ko da aikatawa ta yi wuya, wanda ke tona asirin mutum shi ne in alheri biyu suka tsaya a gabansa kuma dole ya saki ɗaya. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

A ƙasar Hausa karon da na fi gani shi ne kunya da gaskiya. Kawunka ya karɓi bashi a shagonka sau uku bai biya ba, ya dawo na huɗu, bakinka ya yi nauyi. Surukarka ta faɗi magana a kan matarka wadda ka san ba haka ba ne, ka sunkuyar da kai. An kawo maka tambaya kan wani mai neman aure, ka san yana shaye-shaye, amma maƙwabcinka ne tun kuna yara, sai ka ce "ba mu san shi da komai ba sai alheri", yarinya ta shiga ta sha wuya shekara goma. Kunya abu ne mai kyau, reshe ce ta imani, amma wannan da muke kira kunya a irin wuraren nan sau da yawa tsoron ɓacin ran mutane ne ya sa rigar kunya. Usman da aka yaba da kunya ai ba a taɓa cewa ta sa shi shaidar zur ba.

Na biyu shi ne zumunci da amana. Kuɗin adashi na hannunki, ko kuɗin masallaci, ko na ofis, ga ƙaninki a asibiti. Ko an ba ka damar ɗaukar ma'aikaci ɗaya, ga ɗan yayarka ga wanda ya fi shi cancanta nesa ba kusa ba. Ba zan ce maka abu ne mai sauƙi ba, na ga manyan mutane sun yi kuka a kan wannan. Abin da nake cewa shi ne ka duba baya, sau nawa irin haka ta same ka kuma wanne ka saki? Wanda ka riƙe shi ne na sama a wurinka a yanzu, ko kana jin daɗin amsar ko ba ka ji.

Wani masanin halayyar ɗan'adam, Shalom Schwartz, ya yi bincike a ƙasashe 20 ya fitar a 1992, ya ce abubuwan da mutane ke darajawa sun kasu manya goma kuma a zagaye suke, na kusa da juna suna tafiya tare, na ɓangare biyu masu fuskantar juna kuma suna jan mutum. Riƙo da al'ada da biyayya suna ja da son 'yancin kai da sabon abu, neman iko da ɗaukaka suna ja da kyautata wa jama'a. Duk matashin da ya taɓa tsayawa tsakanin karatun da yake so da kasuwar mahaifinsa ya san wannan jan ba sai an fassara masa ba.

Ya zan gane nawa ne, ba na iyayena ko tsoron "me mutane za su ce" ba?

Da farko, don ka gaji abu daga iyaye ba ya nufin ba naka ba ne, ai harshen da kake magana da shi ma gado ne. Gwajin shi ne inda babu mai ganinka. Ka je Legas ko Fatakwal ko wata ƙasa inda ba wanda ya san ɗan gidan wane ne kai, me ka ci gaba da yi, me ka ajiye tun a tasha? Abin da ya bi ka can naka ne. Haka in ka buɗe shafi a Facebook da sunan da ba naka ba, yadda kake magana da mutane a wurin ita ce tarbiyyarka ta gaskiya.

Sai gwaji na biyu, yadda kake ji bayan ka yi abin. Wanda ya yi kyauta don karamci yana jin sanyi a ransa ko da aljihu ya yi sauƙi. Wanda ya ciyo bashi ya cika akwatunan lefe don kar a raina gidansu, bayan biki haushi yake ji da nauyi a ƙirji, yana lissafi yana tsaki. Daga waje duka biyun hannu a sake ne.

Yaya, ni mace ce, tun ina yarinya ake ce min in yi haƙuri. Yanzu ban sani ba ko haƙuri nawa ne ko dai an ɗora min.

'Yar'uwa, tambayarki ta fi duk na sama nauyi. Haƙuri na gaskiya yana tare da zaɓi, kina iya magana kina iya ramawa amma kin ga barin ya fi, kuma zuciyarki na samun natsuwa da hakan. In kuwa shirun da kike yi don ba ki da wurin zuwa ne, ko kina tsoron abin da zai biyo baya, dare ya yi kina kuka a filo, toh wannan dannewa ce, kar ki rubuta ta cikin abubuwan da kika tsaya a kai. Wataƙila naki na gaskiya mutunci ne, ko tarbiyyar 'ya'yanki, ko ilmi da aka katse miki, kuma haƙurin hanya ce kawai da kika bi don kare su. Sanin haka yana canza yadda za ki yi magana ranar da aka zauna sulhu, maimakon "ba komai" za ki iya cewa Baba, zan iya jure rashi amma ba zan iya jure wulaƙanci a gaban yara ba. Kuma in akwai duka ko barazana, wannan ya wuce batun haƙuri, ki sanar da waliyyinki ko wani babba da kika amince da shi.

Na duba na ga ni dai kuɗi da nasara nake so. Abin kunya ne?

Ko kaɗan. Abdurrahman bin Auf da ya isa Madina aka yi masa tayin rabin dukiya, cewa ya yi a nuna masa hanyar kasuwa. Sai dai ka ƙara tono kaɗan, kuɗin don me? Wani don kar ya sake roƙon kowa ne saboda ya ga yadda aka wulaƙanta mahaifinsa a kan bashi, wannan mutunci yake nema. Wani don ya ɗauke wa mahaifiyarsa wahala. Wani don a san da shi a gari. Wani kuma cinikin kansa ne ke masa daɗi, ko ya tara nawa gobe da sassafe yana kasuwar Kwari. Ka yi ta tambayar "don me" har ka kai inda babu wata amsa a ƙasa.

Zan iya tambayar wasu su faɗa min?

Sosai ma, amma ka zaɓi waɗanda za ka tambaya. Ana ruwaito cewa wani ya zo yana yabon wani mutum a gaban Sayyidina Umar, sai ya tambaye shi, maƙwabcinka ne da ka san shigarsa da fitarsa? Ya ce a'a. Kun taɓa tafiya tare? A'a. Harkar kuɗi ta taɓa haɗa ku? A'a. Ya ce toh wataƙila a masallaci ka gan shi yana sallah, ya ce eh, Umar ya ce ba ka san shi ba. Waɗannan ukun su za ka nema, wanda kuke gida ɗaya, wanda kuka yi doguwar tafiya, da wanda kuɗi ya haɗa ku. Kuma kar ka ce "ya kake ganina", kunya za ta sa ya yabe ka. Ka ce masa, meye abin da ka tabbata ko an ba ni miliyan ba zan yi ba? Kuma meye abin da in an ce na yi ba za ka yi mamaki ba? Ta biyun tana da ɗaci, ka daure ka saurara kar ka kare kanka.

Ai an ce hali zanen dutse. Abin nan yana canzawa kuwa?

Saurin fushi da sanyin rai su ne zanen dutsen. Abin da mutum ya fi darajawa kuwa yana sauya matsayi, saurayin da ba abin da yake so kamar yawo da 'yanci, ranar da aka miƙo masa jaririyarsa a zani lissafi ya canza. Rasuwar iyaye na canza mutum, ciwo na canza shi, karayar arziki ma haka. Duk shekara ka sake dubawa, ni cikin azumi nake yi saboda lokacin zuciya ta fi yin laushi.

Na fitar da nawa. Sai me kuma? Musamman in aikin da nake ci da shi ya saɓa musu.

Ba zan ce ka ajiye aiki gobe ba, da iyali a wuyanka ga tsadar rayuwa, wanda bai san zafin ba ne ke saurin ba da wannan shawarar. Amma ka ja layi ɗaya ƙarami da za ka iya tsarewa tun yau, misali ni ba na sa hannu a takardar da ban ga kayan ba, ko ni ba na cewa kaya na asali ne alhali jabu ne. Za a ji haushinka sati biyu, daga nan a san ka da shi a daina kawo maka. In kuwa aikin gaba ɗayansa a kan cuta aka gina shi, ka fara neman mafita a hankali kana addu'a, ka sa wa kanka lokaci.

Sauran kuma ka mayar da kowanne aiki mai rana da adadi, in ba haka ba kalma ce kawai a littafi. Zumunci ya zama kiran Goggo duk Juma'a bayan masallaci. Ilmi ya zama shafi goma kafin ka taɓa waya da safe. Amana ta zama littafin da kake rubuta duk ajiyar da ke hannunka, kuma matarka ta san inda yake ko da ta Allah ta kasance.

Ni bayan maganar dattijuwar nan na samu kwali na rubuta da alƙalamin maka, tsofaffi da masu karɓar kuɗin magani ba caji, na manna a jikin kantar shagon. Wasu sun yi amfani da shi sun cuce ni, mutum da ƙarfinsa ya ce kuɗin magani ne, na sani na ƙyale. Kwalin na nan har yanzu ya yi ja da ƙura, kuma duk yaron da na ɗauka a shagon shi nake fara nuna masa kafin in koya masa danna na'urar.